Kambas a kwali, akori-kura a lulluɓe: saye don aiki ko don ajiya?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai nace bari in kawo mu tattauna. Na lura abubuwan da mu maza muke so kusan iri ɗaya ne, kambas mai kyau, kayan motsa jiki, tsofaffin motocin nan akori-kura, sai kuma bidiyoyin da muke raba dare muna kalla a kansu. To ni a nawa ganin duk abin da ka saya a cikin waɗannan in dai ba zaka more shi ba to asarar kuɗi kayi. Zaka ga mutum ya jera kambas a kwali shekara da shekaru ko sau ɗaya bai taka ƙasa da su ba, wani kuma ya sayi tsohuwar mota ya lulluɓe da tamfol wai kar ƙura ta taɓa ta. Wanda ya ƙera abin nan ai don aiki ya ƙera shi. Ko ya kuka gani?

Sarkin Kambas:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq wlh ban yarda da kai ba ko kaɗan. Ba kowane takalmi bane na takawa, wani tarihi ne kake riƙe da shi a hannu. Ɗauki Air Jordan 1, a 1985 ya fito, shekara ɗaya bayan Nike sun sa hannu da Michael Jordan lokacin yana sabon shiga NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma daga kan takalmin nan ne harkar ta canja gaba ɗaya, ɗan wasa ya zama shi kansa tambari. Yanzu in mutum ya samu na asali na wancan shekarar kace ya saka ya shiga kwata da shi? Haba dai

Kocin Asuba:
Sarki ai mutum nawa ne yake da na 1985? Yawancin masu ajiyar nan sabon bugu suke saye, wanda kamfanin ke sake fitarwa lokaci lokaci. Wannan wane tarihi ne a jikinsa

Sarkin Kambas:
Ko sabon bugun ne wani kalar in ya ƙare ya ƙare kenan koci, sai ka nema a hannun masu sake sayarwa

Injiniya Bash:
Bari in shigo nan don akwai abin da masu ajiya da yawa basu sani ba sai ya same su. Soson nan da ke tsakanin tafin takalmi da ƙafarka, a takalma da yawa irinsu Air Max da Jordan 3 da 4, da wani sinadari ake yinsa mai suna polyurethane. Shi wannan abin yana shan danshin da ke cikin iska a hankali a hankali, danshin yana karya shi daga ciki, kai kana ganin takalmi sabo fil a kwali amma cikinsa ya mutu. Na gani da idona a wajen wani abokina, ya fito da wani da ya ajiye tun da daɗewa zai je taro, daga ɗaki zuwa bakin mota kawai sai ga ƙasan yana zubowa gari gari a kan tayil, ya ɗaga ƙafa sai tafin ya rage a ƙasa saman yana ƙafarsa, ka sa yatsa ka danna soson sai ya nutse ya marmashe. Kuma masu harkar sun daɗe suna faɗa cewa wanda ake sakawa jefi jefi yafi daɗewa akan wanda aka kulle. Don haka maganar Abban Sadiq tana da tushe

Sarkin Kambas:
Eh wannan gsky ne ban musa ba, amma ai ba duka ba. Jordan 1 da Air Force 1 tafinsu roba ne mai ƙwari kuma ɗinke shi akayi da saman, basa irin wannan rugurgujewar. Air Force 1 tun 1982 yake, Bruce Kilgore ya zana shi, har yau ana saye kamar jiya ya fito. Matsalarsu kawai farin yana komawa ruwan ɗorawa in ya daɗe

Abban Sadiq:
To kaga ko shi ɗin ma ajiya bata barshi ba kenan

Ɗan Kwalisa:
Ni dai ku barni da Samba. Wlh babu takalmin da ya shiga raina irinsa, yana shiga da jins, yana shiga da wandon tiraksut, bashi da nauyi bashi da hayaniya. Kuma abin burgewa tun wajen 1950 Adidas suka yi shi don 'yan ƙwallo su iya atisaye a filin da ƙanƙara ta daskare, shi yasa tafin yake da wannan robar mai kalar ƙasa mai kama ƙasa. Yanzu ya dawo yayi kowa na sawa amma ni tun kafin yayin nake tare da shi

Kocin Asuba:
Samba yana da kyau amma don Allah kar wanda ya ɗauke shi ya fita gudun safe da shi. Wannan ita ce matsalar da nake fama da ita da samarin da nake horarwa, mutum zai zo fili da takalmin gayu yace zai yi kilomita 10, bayan sati biyu yazo yana ɗingishi yana cewa ƙwaurinsa na ciwo. Kowane takalmi da aikinsa. Na gudu daban, yana da soso mai kauri da ke shanye dukan da ƙafa ke yi da ƙasa, kuma shi ma yana da iyaka, yawanci ana cewa tsakanin kilomita 500 zuwa 800 soson ya gama mutuwa ko da saman bai yage ba. In kuma ɗaga ƙarfe zakayi to akasin haka kake buƙata, tafi shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda ba zai rinƙa lotsawa a ƙarƙashinka ba, shi yasa zaka ga manyan masu ɗaga ƙarfe da Converse ɗin nan na da, wanda tun 1917 ake yinsa don ƙwallon kwando

Injiniya Bash:
Koci me zakace akan takalman gudu masu farantin carbon mai tauri a cikin tafi? Irin wanda Kipchoge, ɗan tseren nan na Kenya, ya saka

Kocin Asuba:
Wannan wani babi ne daban injiniya. Ranar 12 ga Oktoban 2019 a Vienna Eliud Kipchoge yayi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40, duk da ba'a ƙirga shi a matsayin tarihin hukuma ba saboda an shirya masa masu ja masa gaba suna canjawa. Takalmin da ya saka ya jawo cece kuce sosai har hukumar wasannin guje guje ta duniya ta fito da doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin gudun titi kar ya wuce milimita 40 kuma faranti ɗaya kawai. Yana aiki kam, ba ƙarya bane. Amma ni bana bawa sabon shiga shawarar sa, tsada gare shi, baya daɗewa, kuma wanda bai gina ƙafarsa ba ba abin da zai ƙara masa. Ka fara da na talaka mai laushi ka ga ko zaka iya tashi da asuba wata uku a jere tukunna

Baba Makanike:
Yara kun cika mu da zancen takalmi. Ku zo nan wajen mota don nan maganar Abban Sadiq tafi ƙarfi. Ba abin da ke kashe tsohuwar mota irin ajiya. Mota in ta zauna, fetur ɗin da ke cikin kafireta sai ya bushe ya bar wani danƙo mai wari ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi, robobin sil su bushe su tsattsage, man birki ya sha ruwa ya cinye bututun daga ciki, taya ta kwanta gefe ɗaya, ɓera ya shiga ya yi gida a cikin iya kilina ya ci wayoyi. Sai ranar da mai ita ya tashi nuna wa baƙi yayi ta murza makulli. Wadda ake fita da ita ko sau ɗaya a sati har inji yayi zafi sosai, ita ce mai lafiya

Mai Hilux:
Baba Allah ya ƙara girma. Faɗa musu dai

Ɗan Kwalisa:
Baba a cikin tsofaffin wacce kafi so?

Baba Makanike:
Ɗana in don kyan gani ne to Chevrolet C10 ta tsakanin 1967 zuwa 1972, ban ga akori-kurar da aka zana da kyau irinta ba, layinta a miƙe ba tarkace. Ford ma suna da nasu, F-100 ta 1953 zuwa 1956 mai ƙumburarren kumatu, jikanyarta ce F-150 ɗin da kuke gani yau, dangin tun 1948 suka faro. Amma in don aiki ne, in ɗora kaya in shiga daji in dawo, to Land Cruiser zan ɗauka, samfurin 70 da aka fara a 1984, musamman mai injin 1HZ na dizal lita 4.2. Injin nan bashi da gudu, kar ma ka sa rai, amma bashi da biren bos bashi da wata na'ura da zata ce maka a'a. In dai akwai mai akwai iska akwai batir zai tashi. Abin da nake so da motocin nan kenan, ka buɗe bonet kaga komai a fili, in mai fetur ce ga kafireta ga filogi ga kwantak ga fanbel, hannunka zai kai ko'ina, da sifana da sukudireba da kunnenka zaka gano ciwon. Na yanzu sai an jona kwamfuta ta gaya maka

Mai Hilux:
Ni kam kun san inda na tsaya. Wanda bai kalli abin da Top Gear, shirin motoci na BBC, suka yi wa Hilux a 2003 ba don Allah ya nema ya kalla yau. Tsohuwa ce samfurin 1988 mai dizal, suka gangaro da ita ta matakala, suka kara ta da bishiya, suka ɗaure ta a bakin teku ruwa ya tafi da ita ta kwashe awanni a ciki, suka jefo mata karaban, ɗakin kwanan nan da mota ke ja, a kai, suka cinna mata wuta, ƙarshe suka ɗora ta a saman wani dogon bene aka tarwatsa benen da nakiya. Aka tono ta daga cikin ɓaraguzai, makanike yazo da kayan aiki na hannu kawai ba tare da an canja mata wani sifiya ba, ta tashi kuma ta motsa. Shasin ya karye amma ta tashi. Wlh duk lokacin da na sake kalla sai tsigar jikina ta tashi

Injiniya Bash:
Na kalla kuma ina son motar, amma akwai gefen da masoya tsofaffin motoci basa son a taɓo. Ƙarfin mota daban, tsaron wanda ke ciki daban. Mutane suna cewa ƙarfen da yafi kauri, eh, amma in mota bata lotse ba a karo to jikinka ne zai sha dukan. Ku nemi bidiyon da cibiyar IIHS ta Amurka mai gwajin tsaron motoci tayi a 2009, sun haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar nan da ake ganin kamar tankar yaƙi ce, ɗakin direban ya murƙushe sitiyari ya taho wa mutum-mutumin da ke ciki, sabuwar kuma gabanta ya lotse amma ɗakin yana nan. Tsofaffin akori-kura da yawa babu jakar iska, wasu bel ɗin ma na ƙugu ne kawai, birki kuma na dirom. Don haka ka hau abarka amma ka san me kake hawa, kar ka ɗebi iyali ka hau babban titi kana tsere da na zamani

Baba Makanike:
Injiniya ka faɗi gaskiya. Shi yasa duk wanda ya kawo min irin wannan mota abin da nake fara taɓawa birki ne da taya, fenti shine na ƙarshe. Ita C10 ma sai 1971 suka sa mata birkin diski a gaba daga kamfani, waɗanda suka riga ta mutane da kansu suke canjawa. Kuma ku riƙa duba shekarun taya, a gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe sune sati da shekarar da aka yi ta, in kaga 2315 to sati na 23 ne a 2015. Zanenta zai iya zama sabo amma robar ta tsufa

Sarkin Kambas:
To Baba tunda ka yarda a canja birki, me zakace akan masu cire injin asali su dasa injin LS na Chevrolet na zamani? Ni a wajena sun kashe motar, ta zama wani abu daban sanye da rigar tsohuwa

Baba Makanike:
In injin asalin yana da rai a barshi. In ya mutu murus kuma dashen ne zai sa motar ta koma titi to a dasa, yafi ta ruɓe a bayan gida

Sarkin Kambas:
Hmm ni dai ban gamsu ba. Ƙarar injin ma ai wani ɓangare ne na motar

Mai Hilux:
A nan ina bayan Sarki

Abban Sadiq:
Tunda an zo kan bidiyo, ni yanzu abin da nafi kalla shine na masu zuwa su samu motar da ta shekara 20 ko 30 a cikin gona ciyawa ta fito ta cikinta, su ce bari mu ga ko zata tashi. Irin na tashar Vice Grip Garage a YouTube. Zaka ga mutum ya cire filogi ya zuba ɗan mai a cikin silinda ya barshi ya jiƙa, ya sa sifana a jikin fuli yana gwada juya injin da hannu, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya jona galan ɗin fetur kai tsaye don tankin ya ruɓe, sannan a murza. Tayi tari, tayi tari, ta tofar da hayaƙi da ƙura da ganyen da ɓera ya tara a salansa, sai kaji ta kama. Wlh farin cikin da nake ji a lokacin kamar tawa ce. Kuma ina koyon abu, yanzu in makanike yana min bayani ina gane inda ya dosa

Ɗan Kwalisa:
Amma fa akwai na bogi da yawa a harkar nan yallaɓai, musamman masu gyaran ƙananan abubuwa, wai an tsinci tsohon agogo ko kambas a cikin laka

Injiniya Bash:
Sosai ma. Da kansu suke lalata abin sannan su gyara. Yadda zaka gane, tsatsar bogi kala ɗaya ce ja jawur ko'ina daidai wa daida, kuma da an wanke sai kaga ƙarfen sumul ba rami ko ɗaya. Tsatsar gaske tana cin ƙarfe, tana barin ramuka, kuma bata kama ko'ina daidai, inda ruwa ke kwanciya take fara ci. Sannan ka lura da noti, abin da ya shekara 30 a ƙasa ba zaka sa sukudireba ya kwance salin alin ba, sai an sha wuya, wani sai an gasa shi da wuta wani ma ya karye a ciki. Haka aka yi wa John Plant mai tashar Primitive Technology a YouTube, mutumin Ostireliya da ya fara a 2015, shi kaɗai a daji ba magana yana gina bukka da hannunsa, sai ga masu kwaikwayo sun cika ko'ina suna haƙa wurin wanka da sanda a gaban kyamara, an kashe kyamara kuma mota mai haƙa ta shigo, a wasu ma ana hango sawun ta a ƙasa

Kocin Asuba:
Ni abin da ke damuna da bidiyon gaba ɗaya, samari suna kallon motsa jiki fiye da yadda suke yinsa. Mutum ya san sunan kowane atisaye ya sayi kaya saiti guda kala ɗaya daga sama har ƙasa amma fili sai an ja shi

Ɗan Kwalisa:
Koci tunda ka taɓo kaya ina da tambaya. Me yasa rigunan nan masu santsi na motsa jiki suke riƙe wari? Ina da wata ko na wanke ta tas, da na saka nayi gumi kaɗan sai warin ya dawo, amma ta auduga bata min haka

Kocin Asuba:
Saboda polyester ce. Ita bata shan ruwa, tura gumin take waje ya bushe da wuri, shi yasa take da daɗi a fili, auduga kuma in ta jiƙe sai ta manne maka a jiki tayi nauyi. Dalilin da yasa Kevin Plank ya kafa kamfanin kayan wasanni na Under Armour a 1996 kenan, ya gaji da canja jiƙaƙƙiyar rigar auduga a ƙarƙashin kayan wasansa. Amma ita polyester tana son maiƙo, maiƙon jikinka yana maƙalewa a zaren, ƙwayoyin cuta su samu abinci, wari ya zauna. Abin da zakayi, kar ka dunƙule ta a jaka bayan atisaye, shanya ta nan take ko ka wanke, ka juya cikinta waje kafin wanki, kar ka sa mata ruwan laushin kaya mai ƙamshin nan don shi yake toshe zaren ya ƙara rufe maiƙon a ciki, kuma in warin ya riga ya kama ka jiƙa ta a ruwa da ɗan farin binega kamar rabin awa kafin ka wanke. Kar kuma ka sa mata dutsen guga mai zafi

Ɗan Kwalisa:
Kai ashe ruwan ƙamshin ne, kullum sai na zuba. Na gode koci

Sarkin Kambas:
Abban Sadiq na dawo kanka. Naji duk hujjojinku kuma na yarda soso yana mutuwa mota tana mutuwa. Amma har yanzu ina nan akan cewa kallo ma mora ne. Air Max 1 ɗina in na ɗauko na kalli tagar iskar nan a gefe, na tuna Tinker Hatfield da ya zana shi ginin Pompidou na Paris ya gani wanda bututunsa duk suna waje yace bari shima ya fito da cikin takalmi a gani a 1987, wlh daɗi nake ji ko ban saka ba. Ba kowa bane zai gane

Abban Sadiq:
Na gane Sarki kuma ban raina ba. Amma ka saka shi ko ranar Juma'a ɗaya a wata, kaji yadda iskar take a ƙarƙashin dunduniyarka, ai don wannan ya yi ta

Sarkin Kambas:
Guda ɗaya zan fitar, sauran suna nan inda suke

Mai Hilux:
Baba kafin ka sauka, akwai wata tsohuwar akori-kura da ake min tayi, an mata sabon fenti tana ƙyalli sosai, me zan fara dubawa?

Baba Makanike:
Sabon fenti a tsohuwar mota shine abin tsoro na farko. Tafi da mayen ƙarfe ƙarami ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin bodin da shi, ƙasan ƙofofi, kusurwar bayan kabin, saman tayoyi, duk inda ya ƙi kamawa to foti aka cika wajen ba ƙarfe bane. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka duba inda direba ke sa ƙafa. Sannan ka kwanta ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa shasi tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin yake kamawa, ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangararan, ruɓaɓɓe kuma zakaji shi dum kuma ɓawo na zubowa. Ka ce kar su tayar da ita kafin kazo, taɓa injin kaji da sanyi sannan a murza a gabanka ka tsaya a baya ka kalli kalar hayaƙin, shuɗi yana shan baƙin mai kenan, fari mai kauri da baya ɗaukewa kuma ruwa ne ke shiga, gasket. In shasin ya ruɓe ka barta ko nawa suka rage maka, in inji ne kawai turo min hoto da ƙarar mu gani

Mai Hilux:
To Baba, gobe in Allah ya kaimu zan je da mayen ƙarfen